Yadda Ake Koyar da Saka wa Namiji Robar Fitsari ta Hanyar Atisaye a Kan Mutum-mutumi

A yawancin asibitoci, saka robar fitsari aiki ne da ake bar wa mafi ƙanƙanta a wurin. A kawo dattijo cikin dare, mara ta kumbura, fitsari ya ƙi fita tun la'asar, yana ta murƙususu, sai a ce sabon likita ko ɗalibin aikin jinya ya je ya saka masa roba. Sau da yawa iyakar sanin yaron nan shi ne ya taɓa tsayawa a bayan wani ya ga an yi. Tsohuwar ƙa'idar nan ce da ake jingina wa William Halsted na asibitin Johns Hopkins: ka ga an yi sau ɗaya, ka yi sau ɗaya, ka koya wa wani. A hanyar fitsarin namiji wannan ƙa'ida tana da tsada, kuma majinyaci ne ke biya. Raunin da aka yi cikin minti biyu yakan warke da tabon da zai tsuke hanya, mutum ya shekara yana zaryar asibiti ana buɗa masa ita, wani sai an kai ga tiyata.

Horo yana rage wannan ƙwarai. A wani bincike da aka wallafa a 2008 daga asibitin Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, an samu rauni 3.2 cikin kowane maza 1000 da aka kwantar sanadin saka roba. Da aka zaunar da ma'aikatan jinya aka koya musu yanayin hanyar da yadda ake bin ta, adadin ya sauko zuwa 0.7.

Tura roba cikin rami ba wuya, rabin sa'a ya isa kowa ya iya. Abin da ɗakin atisaye ya kamata ya dasa wa ɗalibi shi ne sanin lokacin tsayawa: kada ya danna in roba ta cije, kada ya hura balan-balan ɗin da ke kusa da bakin roba, wanda ke riƙe ta a ciki, sai ya tabbatar yana cikin mafitsara, kada ya ji nauyin kiran na gaba da shi. Matsalar kuwa ita ce mutum-mutumi ba ya ihu, ba ya zubar da jini. In ka danna da ƙarfi roba za ta wuce. Malamin da bai lura ba sai ya yaye ɗalibai masu ƙarfin hannu, alhali su ne aka fi tsoro a ɗakin marasa lafiya. Duk tsarin da ke ƙasa an gina shi ne don toshe wannan ɓaraka.

Tanadin ɗaki da kaya

Kada rukuni ya wuce mutum 4 zuwa 6 a kan mutum-mutumi ɗaya, a ware musu kamar sa'a biyu. In sun fi haka, biyu za su yi aiki, sauran su koma danna waya.

A jera kaya yadda ake samunsu a asibitin da za su yi aiki: robar Foley lamba 14 da 16, jakar fitsari, safar hannu da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, zanen rufi mai huda, auduga, ruwan wanke wuri, jeli, sirinji mai ruwan allura mil 10, faranti mai siffar ƙoda, da filasta. Robar da wa'adinta ya ƙare tana da amfani a nan, a roƙi ma'ajiyar asibiti ta daina zubar da ita.

In akwai mutum-mutumin kamfani irin na Laerdal ko Limbs & Things, to madalla. A yi amfani da man santsin da kamfanin ya ce, a tsiyaye ruwan cikinsa bayan an tashi, a ajiye shi nesa da taga, don zafin bazara na Sakkwato ko Maiduguri yana tsofar da roba da wuri. In babu, ana iya haɗawa: ledar ƙarin ruwa da aka gama da ita ta zama mafitsara, a jona mata bututu mai taushi mai tsawon santimita 20, a lanƙwasa shi a kan katako, a zagaye ƙarshensa da soso, a ɗaure da kyauro kusa da ledar don ya ɗan cije kamar tsokar da ke riƙe fitsari. Ruwan shayi marar madara ya isa ya zama fitsari. Ni ina ganin na hannu yana da wata falala da na kamfani ba shi da ita, in aka yi shi da bututu garai-garai wanda ido ke ganin cikinsa, domin ɗalibi yana kallon inda bakin roba yake a lokacin da hannunsa ke gaya masa wai ta isa.

Minti goma sha biyar na farko: ba a taɓa mutum-mutumi

A fara da zane a allo. Hanyar fitsarin babban namiji tana kai santimita 18 zuwa 20, kuma ba miƙaƙƙiya ba ce, tana da lanƙwasa biyu. Ta gaba, wadda ke wurin da azzakari ya sauko, tana miƙewa in an ɗaga shi sama an ɗan ja. Ta ciki, wadda ke ƙarƙashin ƙashin mara, ba ta miƙewa ko me aka yi, sai dai roba ta bi ta a hankali. Daga nan sai zoben tsokar da ke riƙe fitsari, sai furostet, wato ƙullin naman da ya zagaye hanya a gindin mafitsara, wanda ke girma in namiji ya manyanta. A wannan yanki ne roba ke huda bango ta buɗe ɓarauniyar hanya in aka tilasta mata.

Sai a miƙa wa kowa roba ya jujjuya ta. Lambar da ke jikinta ma'aunin Faransa ne, na Charrière, maƙerin kayan tiyata na Paris a ƙarni na 19: kowace lamba ɗaya sulusin milimita ce, saboda haka lamba 16 kaurinta ya ɗan haura milimita 5. Kalar bakin bawul, wato inda ake sa sirinji a hura balan-balan, ita ma tana faɗin lamba, 12 fari, 14 kore, 16 ruwan lemo, 18 ja. A nuna musu cewa robar maza tana kai santimita 40 zuwa 45, akwai kuma gajera ta mata wadda ba ta wuce 26. A 2009 sai da hukumar kiyaye lafiyar majinyata ta Birtaniya ta fitar da gargaɗi na musamman saboda ana saka wa maza gajerar bisa kuskure, a hura balan-balan a tsakiyar hanya. A ajiye gajera ɗaya a cikin kayan ba tare da an faɗa ba, a ga wa zai ɗauka.

Abu na ƙarshe a wannan zango shi ne wanda ya fi zama a zuciya. Kowane ɗalibi ya dunƙule hannu a kan bakin roba, abokinsa ya tura ruwa mil 10. Balan-balan ɗin da Frederic Foley ya ƙirƙiro wajen 1929 yana buɗewa ya kusa santimita 3 a faɗi, a cikin hanyar da faɗinta bai kai santimita ɗaya ba. In ɗalibi ya ji yadda yake buɗe masa yatsu da ƙarfi, ba sai an yi dogon bayani ba. Ya kuma lura da yadda sirinji ke yin tauri a hannun mai turawa, domin wannan taurin shi ne gargaɗin da zai samu a jikin mutum.

Tsarin koyarwa mai hawa huɗu

Tsarin da Rodney Peyton ya bayyana a 1998 ya dace da wannan aiki. Da farko malami ya yi aikin daga farko zuwa ƙarshe, da saurin da ake yi a zahiri, bai ce uffan ga ɗalibai ba. Na biyu ya maimaita a hankali yana faɗin dalilin kowane motsi. Na uku ɗalibi ya riƙa ba da umarni, malami yana aikatawa. Na huɗu ɗalibi ya faɗa da bakinsa, ya aikata da hannunsa.

Hawa na uku ake yawan tsallakewa don sauri, kuma nan ribar take. Malami ya yi daidai abin da aka ce masa, ko da kuskure ne. In ɗalibi ya ce a hura alhali roba tana rabin hanya, a hura a bututun garai-garai, a yi shiru, a bar rukuni su kalla.

Aikin kansa, yadda za a nuna shi

Ana farawa da tambayar ko robar ma ta zama dole. Tsayawar fitsari, auna fitsarin wanda ke cikin mawuyacin hali, da wasu tiyatoci dalilai ne. Gudun canza zanen gado ba dalili ba ne. Kowace rana roba ta kwana a jiki, haɗarin shigar ƙwayoyin cuta mafitsara yana ƙaruwa da kashi 3 zuwa 7 cikin 100, in ta kai wata guda kuwa kusan babu wanda ke tsira.

Sai gaisuwa da neman izini. A sa ɗalibi ya faɗa da Hausa, da babbar murya, yadda zai faɗa wa sa'an mahaifinsa: "Baba, sannunku da jiki. Fitsari ne ya taru ya ƙi fita, za mu saka muku roba ta gaba don ya samu hanya. Za ku ji ɗan zafi da matsi, in ya yi yawa ku gaya mini in tsaya. Kun amince?" Ɗalibai da yawa sun iya wannan da Turanci, amma in aka zo Hausa sai kunya ta ƙulle musu baki, gara ta ƙulle a nan. Ya tambayi ko an taɓa saka masa roba, ko an sha wahala, ko an taɓa yi masa aiki a wurin, ko ya taɓa ciwon sanyi, ko jikinsa ba ya shiri da roba ko maganin kashe zafi. A ja labule, a sallami 'yan dubiya, a bar mataimaki ɗaya, a buɗe iya wurin da ake bukata.

Majinyaci ya kwanta rigingine, ƙafafu a ɗan ware. A wanke hannu, a buɗe kaya ba tare da an taɓa cikinsu ba, a sa safa, a shimfiɗa zanen rufi. Mai aiki da dama ya riƙe azzakari da hagu ta cikin auduga. Daga wannan lokaci hagun ya ƙazantu, ba ya komawa kan tebur, ba ya taɓa roba. Wannan shi ne kuskuren da aka fi maimaitawa, malami ya sa ido a kan hagu fiye da dama. In akwai loɓa a janye ta baya. A goge daga ƙofar fitsari zuwa waje, kowace auduga shafa ɗaya a jefar.

Jeli a cikin hanya ake zuba shi, kimanin mil 10, ba a bakin roba kawai ba. In mai lidoken ne, wato maganin kashe zafi, a matse bakin azzakari a jira minti 3 zuwa 5. A ɗakin atisaye ma a jira minti ukun nan cif da agogo. Wanda ya saba tsallake su a kan mutum-mutumi zai tsallake su a kan mutum.

A ɗaga azzakari ya miƙe sama, a ɗan ja shi, a fara tura roba sannu sannu. Wajen santimita 15 zuwa sama za a ji ta ɗan cije, an iso zoben tsoka ke nan. A dakata, a riƙe da matsi mai taushi, a ce: "Baba, ku ja numfashi mai tsawo, ku saki jiki kamar za ku yi fitsari." In tsoka ta saki roba za ta zarce da kanta. Sauke azzakari zuwa wajen cinyoyi a wannan gaɓa yana taimakawa.

Ganin fitsari ba ya nufin a tsaya. Hudar roba tana gaba da balan-balan, saboda haka fitsari yana iya fitowa alhali balan-balan yana cikin furostet. A ci gaba da turawa har sai mararrabar roba, inda ta rabu biyu, ta iso bakin azzakari. Sharaɗi biyu ne, kuma ɗalibi ya furta su a fili kafin ya taɓa sirinji: roba ta shige har mararraba, fitsari ya fito. Sannan ya tura ruwan allura gwargwadon abin da aka rubuta a jikin robar, yawanci mil 10, idonsa a kan fuskar majinyaci. Ba a sa ruwan gishiri don yana iya daskarewa ya toshe bawul, ba a sa iska. In majinyaci ya yi ƙara ko sirinji ya yi tauri, a zuƙe ruwan nan take.

A ja roba a hankali har balan-balan ya zauna a bakin mafitsara, a jona jaka, a mayar da loɓa. Da yake kusan duk mazan da ɗalibanmu ke gani masu kaciya ne, wannan mataki ba ya cikin hannunsu sam, ranar da suka haɗu da marar kaciya sai su bar loɓa a baya ta shaƙe kan azzakari ya kumbura. A sa shi cikin abin da ake furtawa ko da mutum-mutumin ba shi da ita. A manne roba a cinya da sassauci, jaka ta kasance ƙasa da mafitsara amma kada ta taɓa ƙasa. A rubuta rana, dalili, lamba, ruwan da aka sa, yawan fitsarin da ya fito da kalarsa, da ranar da za a duba cirewa.

A ba mutum-mutumi baki

In kowa ya yi sau biyu ko uku hannu ya faɗa, sai a canza wasan. Roger Kneebone da abokan aikinsa a Landan sun bayyana wata dabara a 2002, kuma saka robar fitsari na cikin ayyukan da suka gwada ta a kai: mutum mai rai ya kwanta, a ajiye mutum-mutumin a inda ya dace, a lulluɓe da zane yadda za su zama kamar jiki ɗaya. Ba ya bukatar kuɗi. Wani ɗalibi ko ma'aikaci ya zauna a wajen kai, a ba shi labarin da zai taka, malami ya riƙa yi masa alama da ido. Da zarar an danna da ƙarfi ya yi salati ya riƙe hannun likita. Ɗalibin da ya yi aiki tsaf a kan roba zalla, a nan za ka ga ya manta hagu, ya manta minti uku, ya daina magana gaba ɗaya.

Labaran da za a shirya su zama irin waɗanda ke shigowa sashen gaggawa da gaske. Ga dattijo mai shekara 70 mai kumburin furostet, roba ta cije a ciki sosai. Abin da ake so ɗalibi ya sani shi ne ƙaramar roba ba ta fi sauƙi a nan ba, lanƙwashewa take yi, lamba 16 ko 18 ta fi, ko mai lanƙwasasshen baki wadda ake shigarwa bakinta na kallon sama. Ga magidanci mai shekara 40 da ya yi ciwon sanyi da daɗewa, fitsarinsa ya sirance shekara da shekaru, roba ta tsaya tun ba ta yi nisa ba. Wannan tsukewa ce, ana iya gwada ƙarama sau ɗaya a hankali, in ta ƙi a bari. Ga manomin rani daga yankin Kadawa mai tarihin tsargiya, fitsari ya tsaya bayan ya yi ta fitar da gudajin jini. Lamba 14 toshewa za ta yi, yana bukatar babba mai baki uku, kamar lamba 22, da wanke mafitsara, wannan kuwa aikin a kira na gaba ne.

Labari ɗaya dole ne kowa ya gamu da shi: ɗan acaɓa da mota ta buge, ƙugu na ciwo, ɗigon jini a ƙofar fitsari, maraina sun yi baƙi sun kumbura. A jera masa kaya tsaf kamar kullum, a sa wani ya taka babban ma'aikaci mai cewa a yi sauri. Wanda ya ci wannan gwaji shi ne wanda bai buɗe ledar roba ba, ya ce yana zargin hanya ta yage, a kira likitan tiyata a yi hoton hanyar tukuna.

Sai kuma a toshe bututun mutum-mutumi a ɓoye, roba ta shige har mararraba amma babu fitsari. Ana so ya jira kaɗan don jeli kan toshe huda, ya danna mara a hankali, ya tura ruwan gishiri kaɗan ta babban bakin roba, wanda fitsari ke fita ta cikinsa, ya zuƙo. In ruwa bai shiga ya dawo cikin sauƙi ba, ba ya hurawa. Ƙa'idar da nake ba ɗalibai ita ce gwaji biyu, ko ganin jini, sai a ajiye a kira. A sa su yi kiran ma a cikin atisaye, su faɗi shekarun majinyaci, abin da aka gwada, lambar roba, inda ta tsaya, da ko an ga jini. In mafitsara ta cika kuma hanya ta ƙi, akwai saka roba ta fatar mara kai tsaye zuwa mafitsara, amma wannan darasin wata rana ne.

Mai taka majinyaci ya jefo tambayar da ake yi kullum: "Likita, to salla fa?" Ɗalibi ba mai fatawa ba ne, amma ya san malamai sun yi sauƙi ga mai lalurar yoyon fitsari, ya ce a tambayi malami, ya kuma ja kunne cewa ba a raba roba da jaka don alwala, domin kowace rabuwa ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta.

Bita da tantancewa

Bayan kowane zagaye, ɗalibi ya fara magana kafin malami: me ya ji a hannunsa, me ya sa ya yanke abin da ya yanke. Malami ya faɗi abin da idonsa ya gani, ya tambayi dalili. "Na ga ka ƙara ƙarfi da ta cije, me kake tunani a lokacin?" ya fi "ka yi ganganci" fitar da gaskiya. Gyara biyu sun isa a zagaye ɗaya. Wanda aka kunyata a gaban abokansa shi ne gobe zai ƙi kiran kowa da dare.

Takardar tantancewa kada ta zama ta tara maki kawai, inda mutum zai hura balan-balan a hanya ya kuma ci da kashi 80. A ware laifuffukan da ke kayar da mutum kai tsaye: aiki ba izini, ɗaukar gajerar roba, danna wa da ƙarfi, hurawa kafin sharaɗi biyu, ƙazantar da roba a ci gaba kamar ba a gani ba, saka roba ga mai alamar yagewar hanya, da barin loɓa a baya. Wanda ya faɗi ya sake atisaye ya dawo, ko sau nawa ne, har ya tsallake.

Kafin a tashi a koyar da cirewa, minti biyar ne. A sa sirinji a bawul a bar ruwa ya dawo da kansa, a tabbatar ya kai abin da aka rubuta, sannan a zare a hankali. Ba a yanke bawul da almakashi, ba a ja in ta ƙi.

Hannu yana mantuwa in aka daɗe, don haka a sa atisayen dab da lokacin da za su shiga ɗakin tiyata ko sashen gaggawa, a maimaita shi a makon farko na shekarar horon sabbin likitoci. Na farko a jikin mutum ya kasance mai sauƙi, kamar wanda aka sa wa barci za a yi masa aiki, malami na tsaye da safa a hannu. A sa hannu a littafin ɗalibi bayan kowane ɗaya, a rubuta ko ya yi shi kaɗai ko an karɓa, da dalilin karɓar.